Ƙafar da ba ta ji, amma tana ƙuna

Shekara 4 ke nan da hatsarin da ya taɓa mini laka. Ko allura aka soka mini a ƙafa ba na ji, amma da dare sai ta riƙa ƙuna kamar an zuba mata garwashi. Na sha parasitamol har na gaji, a banza. Ashe ciwon jijiya ba ya jin irin wannan maganin.

Likita ya ɗora ni a kan pregabalin, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan, da amitriptyline kafin barci. Makon farko kam, jiri da bushewar baki kamar me!

Da na ga sauƙi sai na daina sha lokaci guda, wai ni mai wayo. Kwana biyu ban runtsa ba, ga gumi ga fargaba. Na sha faɗa wurin likita. Ciwon yana nan, amma yanzu ina samun barci, alhamdulillah.