Daga Dandalin Samaru Zuwa Gaban Kyamara (Kashi na 4)

A makon jiya mun tsaya inda Baba ya amince 'yarsa ta shiga fim, bisa sharaɗin kawunta ya riƙa raka ta lokeshan, wato wurin ɗaukar fim.

Sai an san horon da ta zo da shi kafin a fahimci abin da ya faru ranar farko. A Jami'ar Ahmadu Bello ta karanci wasan kwaikwayo, inda Michael Etherton ya kafa karatun a 1975. Dandalinsu, Drama Village, ginin ƙasa ne, ɗakuna kewaye da fili. A nan ake koya wa ɗalibi ya ɗauko murya daga ƙasan haƙarƙari. Wanda ya matsa maƙoshi, kafin a gama rihazal muryarsa ta dushe. Daga nan ɗalibai su shiga cikin Samaru, su ji damuwar mutane, su gina wasa a kai, su yi shi a fili gaban masu abin, yara na ihu, babura na wucewa. Dole komai ya zama babba: murya, hannu, har zare ido.

Wannan horon ne ya fara kayar da ita. A wani gida a Tudun Wadar Zariya aka yi ɗaukar. Mai sauti ya maƙala mata 'yar ƙaramar makirfo a ƙarƙashin mayafi, aka manna tef a ƙasa inda za ta tsaya. Tana buɗe baki, mai sauti ya fizge abin kunnensa, darakta ya ce:

"Kot! Malama, kishiyar taki taku biyu ne tsakaninku, wa kike kira daga bakin kasuwa?"

"Ranka ya daɗe, haka aka koya mana."

"To a nan kyamara ce ke zuwa wurinki, ki bar mata aikinta."

Gaskiya ya faɗa mata. Idan an matso da hoto kan fuska, ɗaga gira kaɗan ya isa fushi. Kuma sin ɗaya, wato fitowa guda a cikin fim, akan ɗauke shi aƙalla sau uku: na nesa da ya haɗa kowa, sai na kusa a kan kowace 'yar wasa. Idan da hannun dama ta ɗauki kofi a na nesa, dole da shi za ta ɗauka a na kusa, kuma a kan kalmar da ta ɗauka ɗazu, in ba haka ba mai haɗa hoto ba zai iya haɗa su ba. Awarwaro ma sai da aka cire mata, don ƙararsu na shiga makirfo, haka mayafi mai santsi yana gogar makirfo ɗin.

Abin da ya fi ba ta wahala shi ne ba a bin labari a jere. Gidan aro ne, janareta na shan mai, saboda haka duk sin ɗin da ke gidan a lokaci guda ake kwashe su. Da safe ta yi kukan mutuwar miji, da la'asar ta zama amaryarsa. Dabarar da ta fitar ita ce rubutu a gefen takarda: me ya faru kafin wannan sin, wace atamfa, mayafi a wace kafaɗa, sannan a ɗauke ta hoto da waya. Ƙunshin lalle kuwa yana koɗewa, sai a sabunta shi daidai zanen farko.

Amma a ganina 'yan dandali sun fi saurin gyaruwa. Rage murya aikin kwana kaɗan ne, hadda kuwa ba a koyonta a lokeshan. Ita shafi guda take kawowa ba tuntuɓe, abokiyar wasanta kuwa layi-layi ake karanto mata.

Da aka tashi, darakta ya ja kawu gefe. Yana da wani aikin a Kano, sai dai can dole ta yi rajista da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001. Baba kuwa Zariya kawai ya yarda. Mu haɗu mako mai zuwa.