Kalmar sininen da ta ba ni kunya a Finland

Jibi in Allah Ya yarda zan bar Finland, karatu ya ƙare, kaya ma na ɗaure. Amma wallahi har yau ranar seminar ɗin nan ta zangon farko ta ƙi fita daga raina.

Kalmar shuɗi ta harshen Finland aka ba ni in bi asalinta, wato sininen. Ni kuwa na ɗan taɓa Rashanci, na san su siniy suke cewa, ga iyaka ɗaya, ga Finland ta zauna ƙarƙashin Rasha tun 1809 har 1917, sai na ce ai magana ta ƙare, aro ne. Na miƙe gaban mutane da ƙarfina. Malamin da ke duba aikina ya bari sai da na kai aya, sannan ya cire tabarau yana gogewa ya ce to ina zan kai sinine ta Estoniya da 'yar'uwarta a harsunan Mordva can wajen kogin Volga, duk dangin harshen Finland? Kalmar gado ce, ta girmi mulkin Rasha nesa ba kusa ba. Ɗakin ya yi tsit, kun san shirun mutanen nan, gara a yi maka dariya. Kama da wane ba ta wane, a gida na san wannan, sai da na zo ƙasar ƙanƙara na manta.

Kuskure nawa ne, na yarda. Abin da ya ci min rai, sati biyu takardar tana teburinsa, layi ɗaya na imel ya isa ya tare ni, bai yi ba.

Haushin ne ya zaunar da ni laburare duk hunturun. Can na gano keltainen, rawaya, ita ce aron gaske, daga harsunan Baltik, Lituwaniya na da geltas. Punainen kuma, ja, asalinta puna gashin dabba ne, a Mordva har yanzu pona na nufin gashi, daga launin gashin ma'anar ta gangaro, kamar yadda mu ke cewa ruwan toka ko ruwan ɗorawa. A kan punainen ɗin na rubuta kundina.

Sauran darussa ba yawa: kar ka dogara da kunne, ka duba dangin harshe tukuna, ka ba mutum biyu aikinka ba ɗaya ba.

Ranar da aka fitar da sakamako malamin ya miƙo min hannu ya ce "hyvä", wai ya yi kyau. Shi ke nan. Ban je yi masa sallama ba tukun, ina dai tunani.