Kauɗa, kwalba da jarkar wake

Toh 'yan uwa mata sanyi ya shigo, kuma duk wadda take shiga kasuwa ta san daga wajen Janairu zuwa Maris tumatirin noman rani banza ne, ki je kasuwar Kwanar Gafan can kan hanyar Zariya ki ga yadda ake sauke kayan gonakin Kadawa, wani kwandon har ruɓewa yake a gaban mai shi don ba mai saye. Amma da damina ta kankama shikenan, guda huɗu 'yan ƙanana a faɗa miki kuɗi ki riƙe baki. Balle shekara irin ta 2016 da tsutsar nan Sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, wallahi a lokacin masu kauɗa, wato busasshen tumatir, a gida su kaɗai ne miyarsu ba ta canja kala ba.

Ni dai abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda wasu ke ganin kauɗa abincin talaka ce ko ta 'yan ƙauye. Laifin ba na kauɗa ba ne, na yadda ake shanya ta ne, an yanka an baza a ƙasa bakin titi, ƙura da yashi da awaki duk sun bi ta kai, dole miya ta yi baƙi ki ji ƙasa na garas garas a haƙori. In ke za ki yi da kanki, ki zaɓi mai tauri wanda bai fashe ba, ki wanke, ki yanka gida biyu ko huɗu, ki ɗan barbaɗa gishiri, ki shimfiɗa a kan tabarma mai tsabta ko tire a ɗora sama, ki rufe da tsohon gidan sauro wankakke saboda ƙuda. Iskar hunturu a bushe take, ita za ta yi miki rabin aikin, ke dai ki dinga kwashewa da yamma kar raɓa ta taɓa. Sai kin matsa kin ji ba sauran danshi sannan ki ƙulle a leda ki jefa a bokiti mai murfi, in kika yi gaggawa funfuna za ki tarar. Ranar girki ki jiƙa da ruwan zafi, ki markaɗa da albasa da ɗanyen tattasai ko guda biyu ne, ba mai ganewa, har maigida mai cewa shi ba ya cin kauɗa.

Tattasai, attaruhu, kuɓewa duk haka. Zogale kuwa a inuwa ake shanya shi, rana tana kashe masa kore.

Wadda ba ta son busasshe akwai na kwalba. Ki markaɗa ki dafa har ruwan ya ƙone ya yi kauri, ki matsa lemon tsami, ki zuba da zafinsa a kwalaben bama da kika riga kika tafasa su da murafensu, ki rufe gam, ki jera a tukunya ruwa ya sha kansu su tafasa kamar minti 45. Eh yana cin gas, shi ya sa nake yin wannan a kan gawayi. Firiza kuwa kar ma ki fara dogara da ita da wannan wutar tamu. Kwalbar da kika ga murfinta ya kumbura ko ta yi kumfa, dan Allah a zubar, kar a ce bari a ɗanɗana.

Sai wake, wanda shi ma da kaka yake sauƙi, Nuwamba zuwa Disamba. Matsalarsa ƙwari, kuma maganin da wasu 'yan kasuwa ke zuba masa irin su Sniper guba ne, saboda irinsa ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, mu kuma muna ci. Alhali ƙwarin nan iska suke shaƙa, in babu iska mutuwa suke. Buhun PICS ɗin nan mai leda biyu a ciki da jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aikinsa kenan, ana samunsa wajen masu sayar da kayan noma. In kwano biyar ko goma ne kawai naki ma ba sai kin saye shi ba, jarkar man gyaɗa ta isa, ki wanke ta bushe sarai, waken ma ki ƙara shanya shi, ki cika har wuya kina jijjigawa, ki sa leda a bakin sannan ki ɗaure murfi. Kar a dinga buɗewa ana leƙawa. Gara ki raba a ƙananan jarkoki, wadda aka buɗe a cinye ta, sauran a bar su a rufe a ɗora kan katako nesa da ɓera.