Dutsen Rushmore da kuɗin da aka ƙi karɓa

Tun da na dawo daga Amurka, duk wanda ya leƙo shagona a Babbar Kasuwar Maraɗi hoto ɗaya yake so in buɗe masa a waya: ni da ƙanena a tsaye, bayanmu kawunan shugabannin Amurka huɗu da aka sassaƙa a jikin dutse. Ina nunawa, amma ba na yarda mutum ya tafi da hoton kaɗai. Sai ya zauna ya ji sauran zancen.

Ƙanen nawa direban babbar mota ne a can. Bayan sunan ɗansa ya ce da ni, "Yaya, ba ka komawa gida sai ka ga Dutsen Rushmore." Wurin yana jihar Dakota ta Kudu, cikin tsaunukan Black Hills, kusa da wani ɗan gari mai suna Keystone wanda kusan duk sana'arsa sayar wa baƙi tsaraba ce.

Aiki dai an yi aiki, ba zan rage masa komai ba. Kowace fuska tsawonta ya kai mita 18: George Washington a gaba, sai Thomas Jefferson, sai Theodore Roosevelt a ɗan lungu, sai Abraham Lincoln. Na daɗe ina kallon idanun. An ƙwaƙule tsakiyar kowane ido, aka bar ɗan tsinin dutse a ciki, in rana ta doke shi sai ka rantse mutumin kai yake kallo. Tabarau ɗin Roosevelt ma ba a sassaƙa shi duka ba, ɗan zane ne a karan hanci da ƙarƙashin ido, amma daga ƙasa tabarau za ka gani sosai. Masassaƙi Gutzon Borglum ya fara aikin a 1927, da ma'aikata wajen 400 da ake zurarawa da igiyar ƙarfe daga saman dutsen, kuma mafi yawan aikin nakiya ce ta yi shi. Ya rasu a 1941, ɗansa ya rufe aikin a shekarar ba tare da an kai siffofin har ƙugu yadda aka tsara ba. Tarin duwatsun da aka farfasa yana nan jibge ƙarƙashin fuskokin.

To amma dutsen na wa ne?

Tsaunukan nan wuri ne mai tsarki ga kabilar Lakota, ƴan asalin ƙasar, kuma wannan dutsen Kakanni Shida suke kiransa. A 1868 gwamnatin Amurka ta sa hannu a yarjejeniyar Fort Laramie, ta amince yankin nasu ne, kuma ba za a yanki ko taƙi ɗaya ba sai kashi uku cikin huɗu na mazajensu sun yarda. A 1874 rundunar George Custer, wani hafsan sojan Amurka, ta shiga ta tabbatar akwai zinariya. Masu haƙa suka yi ca. Aka gwabza yaƙi, Lakota da abokansu suka hallaka Custer da mutanensa a Little Bighorn a 1876. Sai gwamnati ta ce ko su saki ƙasar ko a yanke masu abinci. Wajen kashi ɗaya cikin goma ne suka sa hannu, amma a 1877 Majalisar Dokoki ta karɓe tsaunukan.

Bayan shekara hamsin aka zo ana sassaƙa fuskokin shugabannin gwamnatin da ta karya alkawarin, don jihar ta samu masu yawon buɗe ido. Washington da Jefferson sun mallaki bayi. Lincoln, wanda ake yabo da ƴanta bayi, shi ne ya amince da rataye mutum 38 ƴan kabilar Dakota a Mankato a 1862. Shi kansa Borglum ya yi hulɗa da ƙungiyar Ku Klux Klan, ta fararen fata masu ƙin jinin baƙar fata, lokacin da yake wani aiki a jihar Jojiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru a 1980. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa an karɓe ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, ta tabbatar da diyyar da ta haura dalar Amurka miliyan 100. Mutanen suka ce ba su so. Kuɗin yana nan ajiye yana tara ruwa, har ya wuce biliyan 1, ba su taɓa shi ba. Kuma kada wani ya ɗauka wadata ce ta sa. Yankin Pine Ridge, inda da yawansu ke zaune, yana cikin wuraren da suka fi talauci a duk Amurka.

Ni ɗan kasuwa ne, ban buƙaci a yi mini bayani ba. In mai kaya ya ce "albarka", kaya nasa ne har yanzu, ko da mai saye ya ɗauke su da ƙarfi ya kai gida. Ranar da ya miƙa hannu ya ƙirga kuɗi, ciniki ya faɗa, jikokinsa ba su da bakin magana. Mutanen nan sun shekara fiye da arba'in suna cewa albarka, da yunwarsu da komai. Ina ganin girmansu ƙwarai, kuma ina ganin su ke da gaskiya.

Da na ba kawuna labarin a fada bayan isha'i, ya ajiye kofin shayi ya ce, "Ɗana, ai mu ba baƙin wannan zance ba ne. Kakanninmu daga Katsina aka fito da su lokacin jihadi, Ɗan Kasawa ya kafa mulki a nan, kuma har gobe sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa." Wani matashi a wurin ya ce, "Baba, amma da sun karɓi kuɗin sun gina asibitoci da makarantu, ai dutsen ba dawowa zai yi ba." Ban raina maganarsa ba, don a cikin Lakota ɗin ma akwai masu wannan tunani. Kawu ya ce masa kuɗi ana rabawa ya ƙare cikin shekara, a wayi gari babu kuɗin babu ƙasar.

Ba da nisa sosai ba akwai wani dutsen da ake sassaƙa jarumin Lakota, Crazy Horse, tun 1948, bisa roƙon wani shugabansu, Henry Standing Bear. An gama fuskar a 1998, sauran jiki da dokin har yanzu ana kai. Mun biya ta can. Su ma Lakota bakinsu bai zo ɗaya ba a kansa, wasu na cewa fasa dutse mai tsarki fasawa ce, ko fuskar wa za a sa.

Rigimar ba ta kwanta ba. A watan Yuli na 2020, ranar da Donald Trump ya je yin jawabi a gaban fuskokin, ƴan kabilar sun tare hanyar Keystone suna neman a maido masu ƙasarsu, aka kama wasu daga cikinsu. Buƙatar tasu ba ta canza ba tun hukuncin 1980: a mayar da filayen da ke hannun gwamnatin tarayya a Black Hills.