Mako na bakwai a cikin jirgi: ranar da ruwan Hurst ya hana ni wucewa

'Yan uwana masu koyo, barkanmu da war haka. Yau kwana arba'in da tara ke nan da na kwashe kayana na tare a jirgin ruwa, nan Solent, wato ruwan da ya raba kudancin Ingila da tsibirin Wight. Ga waɗanda ba su ga bayanin baya ba, jirgin Westerly Centaur ne, tsohon hannu, tsawonsa ƙafa 26, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1969 da 1980. Ƙafafun ƙarfe biyu gare shi a ƙasa, don haka ko ruwa ya janye gaba ɗaya zai zauna daram a kan laka, ba zai kwanta gefe ba. Saboda wannan na zaɓe shi.

Ayyukan hannu sun fara zama jiki. Ƙullin nan mai kunne wanda ba ya zamewa, yanzu ina ɗaure shi ido rufe. Rage filafili ma, wato ƙyallen da ke kama iska, na daina jinkirinsa: da na ga farin kumfa ya yawaita a kan ruwa sai in naɗe kashi ɗaya tun jirgi bai fara kishingiɗa ba. Shiga tasha da baya ne har yanzu yake ba ni wuya.

Amma abin da nake so mu tsaya a kai yau shi ne cikar teku da janyewarta, domin a nan na sha kashi.

Na kwana a Yarmouth, wata tasha a tsibirin Wight, da niyyar zuwa Studland, wani lungun teku da ke yamma. Gari ya waye garau, iska daga arewa, sanyi-sanyi, irin wadda matuƙi ke roƙo. Na dubi sama, na dubi tuta, ban buɗe jadawalin ruwa ba. Ƙarfe takwas na kwance igiya. Daga Yarmouth zuwa mashigar Hurst ba nisa, kuma nan ne Solent ke tsukewa, faɗinta bai kai mil guda ba, tsakanin tsibirin da ganuwar da Sarki Henry na takwas ya gina a shekarun 1540. Duk ruwan da zai shiga ko ya fita ta yamma sai ya bi ta wannan maƙogwaro. A ranakun babbar cika gudunsa yakan haura mil huɗu na teku a awa, jirgina kuwa in ya yi ƙoƙari biyar yake yi.

Filafilai sun cika, ruwa na tsagewa a goshin jirgi, ina jin ƙararsa a ƙarƙashina, na'ura tana nuna ina gudu. Sai na daidaita farar hasumiyar Hurst da wata waya ta gefen jirgi, na zuba ido. Minti goma, hasumiya tana nan inda take. Minti ashirin, da ƙyar ta gusa taki guda. Ruwan kansa ya canza kama, yana tafasa yana murɗawa kamar tukunyar da aka iza wa wuta, sandar tuƙi tana fizgar hannuna dama da hagu. Gabana ya faɗi ƙwarai. Na juya, kuma ruwan da ya hana ni wucewa shi ya mayar da ni Yarmouth cikin ɗan lokaci kaɗan.

Wani dattijo da jirginsa ke kusa da nawa ya karɓi igiyata, bai yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi: yau wata kwana nawa? Na san amsar tun kafin ya rufe baki, domin da lissafin wata na tashi, ranar uku ga wata ce. Abin da ban taɓa haɗawa ba shi ne cewa kwana ɗaya zuwa biyu bayan haihuwar wata, da kuma bayan daren sha huɗu, rana da wata suna jan teku a layi guda, sai cika ta yi yawa, janyewa ta yi nisa, gudun ruwa ya tsananta. Idan wata ya yi rabi abin yakan lafa. Na karanta wannan a darasi, na ci jarrabawa a kansa, amma sai a Hurst ya shiga kaina.

Daren nan na zauna da jadawali da fensir. Daga cika zuwa cika kusan awa 12 da minti 25 ne, shi ya sa kullum lokacin ke ƙara jinkiri da kamar minti 50. A Hurst ruwa yakan juya yamma wajen awa guda kafin cikar teku a tashar Portsmouth. Ku lura da wani abu, don Allah: yawancin jadawalin an buga shi da agogon hunturu, a bazara sai kun ƙara awa ɗaya da kanku. Kuma ku dubi iska tare da ruwa. Idan ruwa na fita yamma, iska mai ƙarfi kuma na busowa daga kudu maso yamma, karon da suke yi kusa da tudun tsakuwar Shingles ba wurin ɗan koyo ba ne.

Washegari na jira har rana ta take. Iskar arewa tana nan. Na wuce Hurst kamar an ɗauke ni a tafin hannu, fararen duwatsun Needles da hasumiyarsu ta 1859 suna hagu, kafin la'asar ta yi sanyi na hango duwatsun Old Harry da ke bakin Studland. A Studland ban jefa anka ba. Akwai ciyawar ƙarƙashin teku da dokin-ruwa, wato ɗan kifin nan mai kai irin na doki, ke zaune a ciki, an roƙi matuƙa su bar ta, an kuma tanadi maɗaurai masu yawo a kan ruwa. Ɗaya daga ciki na kama.

Zaman cikin jirgi kuwa yana da daɗin da ban zata ba, duk da ƙuncinsa. Ruwan sha da awo nake amfani da shi, alwala da kofi guda. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara, don haka ina cin abincin dare da haske a waje. Alƙibla a nan tana kudu maso gabas, kuma jirgin da ke ɗaure yana juyawa da iska da ruwa, inda na fuskanta da la'asar ba nan ba ne da magariba. Kamfas ɗin hannu yanzu a naɗe yake cikin dardumata.

Mako mai zuwa ina son zuwa tashar Weymouth da ke can yamma, in Allah ya yarda. Hanyar tana bi ta gaban St Alban's Head, wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku, inda ruwa ke da irin wannan hali, kuma wata zai yi rabi ranar da na zaɓa. Wanda ya taɓa bi ta kusa da gaɓa a wurin, ya faɗa mini yadda ya same ta.