Yadda muka zana taswirar ruwan sha ta mazaɓun ƙasar Daura

Aikin da muka sa a gaba shi ne taswirar da za ta nuna inda ruwan sha ya fi wa mutane wuya a ƙananan hukumomi biyar na Masarautar Daura, wato Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua. Kafin a kunna kwamfuta sai da muka rubuta tambayar a takarda cikin jimla ɗaya: mutum nawa ne ke dogaro da kowane famfo mai aiki a kowace mazaɓa? Na ɗauki wannan jimlar da muhimmanci ƙwarai, domin duk taswirar da aka ɗora wa tambaya biyu ko uku, ta nuna famfo, ta nuna makaranta, ta nuna asibiti a lokaci guda, mai karatu kallonta kawai yake yi ya ajiye.

Ƙaramar hukuma ta yi girma da yawa ga irin wannan tambaya. Yanki biyar kacal ba su isa su nuna komai ba, kuma matsakaicin lissafin ƙaramar hukuma yana ɓoye ƙauyen da ke nesa da hedikwata. Shi ya sa muka sauka zuwa mazaɓa. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kuma ana samun iyakokinsu kyauta a intanet daga GRID3, wani shiri mai tattara bayanan taswira. Iyakokin ƙananan hukumomi kuma suna rumbun HDX na ofishin agajin Majalisar Ɗinkin Duniya, kowace da lambar shaidarta, ta Katsina tana farawa da NG021. Da manhajar zana taswira ta QGIS muka yi aikin duka, ita ma kyauta ce.

Wuraren famfunan da waya aka ɗauko su, ta KoboToolbox, manhajar cike fom a waya. Fom ɗin gajere ne: irin wurin ruwan (famfon tuƙa-tuƙa, burtsatse mai sola, rijiyar kankare), yana aiki ko ya lalace, na jama'a ne ko na gida, sunan unguwa, hoto ɗaya, sai lambar wurin. Mun sa doka a cikin fom ɗin cewa kada ya karɓi wuri sai kuskuren GPS ya sauko ƙasa da mita 10. Mai ɗaukar bayani ya tsaya a fili, ba ƙarƙashin rumfar kwano ko inuwar darbejiya ba, ya jira kamar rabin minti. Kuma ba a shiga unguwa sai an gaida mai unguwa an faɗa masa abin da ya kawo mu. Ban da ladabi, shi ne zai nuna maka rijiyar da ke bayan masallaci wadda ba za ka taɓa gani daga titi ba.

Lokacin ɗaukar bayanin ma yana canza amsa. Rijiyar da ke cike a watan Agusta tana iya ƙafewa a Afrilu. Mu da bazara muka zagaya, saboda lokacin ne tambayar take da nauyi, kuma mun rubuta watan da shekarar a jikin taswirar. Wanda ya haɗa bayanin damina na wata mazaɓa da na bazara na wata, taswirarsa ta riga ta karkace tun kafin ya zaɓi launi.

Da bayanai suka dawo, abu na farko shi ne a zuba su duka a kan allo a duba inda suka faɗa. Garin Daura yana wajen digiri 13.03 arewa da 8.32 gabas. Idan aka musanya lambobin biyu, aka sa ta arewa a gurbin ta gabas, ɗigon zai tsallaka ya faɗa cikin Kamaru. Idan gurbin babu komai ya koma sifili da sifili, zai faɗa cikin teku a mashigin Gini. Waɗannan nan take ake ganin su. Mai wuyar ganewa shi ne yanke lambobi: digiri ɗaya na arewa kusan kilomita 111 ne, don haka lamba biyar bayan ɗigo tana ba ka daidaiton kusan mita ɗaya, lamba biyu kuwa sama da kilomita ɗaya. Idan aka buɗe fayil a Excel aka taƙaita lambobin aka adana, famfunan unguwa guda za su hau kan juna a wuri ɗaya, ba kuma yadda za a dawo da su sai da asalin fayil. A ajiye asalin a gefe, kada a taɓa shi.

Sai batun ma'aunin wuri. Waya tana ba da wuri da digiri a tsarin WGS 84, lambarsa EPSG:4326. Ba a auna nisa ko faɗin ƙasa da digiri. Idan ka ce wa QGIS ta zana da'irar 500 a kan wannan tsarin, digiri 500 za ta fahimta, ba mita ba. Jihar Katsina gaba ɗayanta tana cikin shiyya ta 32 ta arewa a tsarin UTM mai auna wuri da mita, wadda ta kama daga digiri 6 zuwa 12 gabas, saboda haka ma'aunin wannan shiyya, mai lamba EPSG:32632, muka mayar da ɗigo da iyakoki kafin kowane awo. Tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya kuma a kan ma'aunin Minna aka yi su. Wanda ya ɗora su a kan bayanin waya bai gaya wa manhajar haka ba, zai ga hanya da rafi sun goce da gomman mitoci. Taswirar Google da OpenStreetMap da ake sawa a baya don gane wuri tana kumbura faɗin ƙasa da kusan kashi 5 cikin ɗari a daidai tsayinmu na digiri 13, don haka ta kallo ce kawai, ba ta awo ba.

Haɗa teburin bayanai da iyakoki shi ne inda sunayenmu ke ba da wahala. Wani fayil ya rubuta Mai'adua, wani Maiadua, wani Mai'Adua. A sauran jihar akwai Dutsin-Ma da Dutsinma, Jibia da Jibiya, Dan Musa da Ɗanmusa. Kwamfuta ba ta san cewa wuri ɗaya ake nufi ba, duk sunan da bai yi daidai harafi da harafi ba sai ta bar gurbinsa fayau. A haɗa da lambar shaida, suna ya zama na karantawa kawai. Bayan haɗawa a ƙirga layuka: adadin mazaɓun da suka shiga ya zama shi ne adadin da ya fito da bayani. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna komawa alamar tambaya idan ba a adana fayil da tsarin rubutu na UTF-8 ba. Tsarin fayil ɗin taswira na shapefile kuma yana datse sunan shafin tebur a harafi 10, ga shi fayil ne da yawa (.shp, .shx, .dbf, .prj) wanda in ɗaya ya ɓata a hanyar WhatsApp sauran ba su da amfani ko sun rasa ma'auninsu. GeoPackage fayil ɗaya ne, ba ya da waɗannan matsalolin, shi muka riƙe.

Inda na fi so mai koyo ya tsaya ya yi tunani shi ne raba yawan mutane da yawan famfo. Ba a shafa wa yanki launi da ɗanyen adadi. A ce wata mazaɓa tana da famfo 40 masu aiki da mutum dubu 40, wata kuma famfo 15 da mutum dubu 9. Taswirar adadin famfo za ta ce ta farko ta fi wadata. Da an raba, ta farko mutum 1,000 ne ga famfo ɗaya, ta biyu 600. Amsar ta juye gaba ɗaya, kuma da irin wannan taswirar ake yanke shawarar inda za a haƙa burtsatse na gaba. Haka abin yake a matakin jiha: ƙidayar 2006 ta ba Jihar Katsina mutum 5,801,584, ƙaramar hukumar Katsina tana da sama da dubu 300 a fili ɗan ƙarami na kusan murabba'in kilomita 142, Faskari kuwa ba ta kai ta jama'a ba amma ta ninka ta faɗi fiye da sau goma. Ido faɗi yake gani, sai ya ɗauka yanki mai girma shi ne mai yawan mutane.

Ƙidayar 2006 ita ce ta ƙarshe da aka yi, kuma ta tsufa. Don yawan jama'ar mazaɓa mun yi amfani da ƙiyasin WorldPop na Jami'ar Southampton, wanda ya yanka ƙasa gida-gida na kusan mita 100, kowane gida da adadin mutanen da ake zaton suna ciki. Ana tara gidajen da suka faɗa cikin kowace mazaɓa. Kada a canza wa wannan hoton jama'a na WorldPop ma'aunin wuri, domin sake yanka gidajen yana canza jimillar. Iyakokin ake mayarwa ma'aunin hoton a yi tarawar, sannan a dawo. Ƙiyasi ne, kuma mun rubuta hakan ƙarara a ƙasan taswirar. A mazaɓun bakin iyakar Nijar, kamar wajen Kongolam, wasu famfunan sun faɗa 'yan mitoci a wajen layin mazaɓa saboda layin kansa ba daidai yake da ƙasa ba. Irin waɗannan da hannu aka mayar da su mazaɓarsu bisa sunan unguwar da ke fom, in ba haka ba lissafi zai zubar da su shiru.

Rabon aji, wato kasa mazaɓu rukuni-rukuni kowane da launinsa, shi ne mataki na gaba, kuma a nan ne mutum biyu masu bayani iri ɗaya ke fitar da taswira biyu masu saɓani. QGIS tana ba da hanyoyi da dama. Rabon tazara daidai yana lalacewa idan mazaɓa ɗaya ta yi fintinkau, sai sauran duka su cunkushe a aji ɗaya. Rabon da ke zuba adadin mazaɓu daidai a kowane aji kullum sai ya nuna kashi ɗaya cikin biyar a matsayin mafi muni, ko da bambancinsu da na sama kaɗan ne. Hanyar Jenks tana neman inda lambobin suka rabu da kansu, tana da kyau ga taswira ɗaya, amma iyakokinta suna canzawa da an canza bayani, don haka ba a iya kwatanta bana da baɗi. Mu da hannu muka yanka, muka jingina da ma'aunin Sphere na ayyukan agaji, wanda ya sa mutum 500 ga famfon tuƙa-tuƙa ɗaya: ƙasa da 500, 500 zuwa 1,000, 1,000 zuwa 2,000, 2,000 zuwa 5,000, sai sama da 5,000. Kowa a ɗakin taro yana iya riƙe waɗannan lambobin a ka. Burtsatse mai sola da ke da kan famfo shida ba daidai yake da tuƙa-tuƙa ɗaya ba. Ma'aunin ya ba kowane kan famfo mutum 250, rijiyar guga 400, sai muka lissafa ƙarfin kowane wuri da haka kafin rabawa.

Abu biyu ba sa shiga waɗannan azuzuwan. Mazaɓar da babu famfo mai aiki ko ɗaya ba ta rabuwa, domin ba a raba lamba da sifili, kuma manhajar za ta bar ta babu launi alhali ita ce mafi buƙata. Ta samu ajinta na daban mai launi mafi duhu. Mazaɓar da ba a samu zuwa ba kuma aka yi mata zane-zanen layi, aka rubuta “ba a tattara bayani ba”. Barin ta fari zalunci ne, mai karatu zai ɗauka lafiya lau take.

Launi ɗaya muka ɗauka daga haske zuwa duhu, ruwan ƙasa, duhu yana nufin wahala. Ja da kore tare ba su dace ba, akwai mazan da ba sa bambance su, kuma a injin hoto baƙi da fari duka toka iri ɗaya suke komawa. Jerin launukan ColorBrewer yana cikin QGIS, ya wadatar. Tunda na san yawancin kwafen da za su kai hannun kansila da hakimi daga shagon kwafi za su fito, gwajin da nake yi shi ne in buga taswirar, in yi mata kwafi, in sake yi wa kwafin kwafi. Idan aji biyar ɗin suna rarrabuwa a takarda ta uku, launin ya yi. Wannan ne ma ya sa ba na wuce aji biyar.

Mazaɓun cikin garin Daura ƙanana ne a fili, ga jama'a, a takardar A3 kusan ɓacewa suke. Mun ba su akwati na daban a kusurwa, an faɗaɗa. A kan kowace mazaɓa kuma mun ɗora da'ira mai nuna yawan mutanen da ke nesa da ruwa fiye da mita 500. Faɗin cikin da'irar ne ke bin adadi, ba tsawonta daga tsakiya zuwa baki ba: adadi ya ninka huɗu, tsawon ya ninka biyu kawai. Wanda ya ninka tsawon sau huɗu ya kumbura da'irar sau goma sha shida. A cikin gari akwai burtsatsen gidaje da 'yan ga-ruwa masu tura kura, waɗanda lissafin famfon jama'a bai kama su ba, don haka mun sa layi ɗaya na bayani a jikin akwatin.

Taken taswirar ya faɗi abin da aka auna, da wurin, da watan. Bayanin launuka da Hausa muka rubuta, da rubutun Andika ko Noto Sans masu ɗauke da haruffanmu, ba ƙasa da girman 8 ba. Sandar awo mai nuna nisa muka sa maimakon rubuta 1:250,000, domin mai kwafi zai rage A3 zuwa A4, lambar ta zama ƙarya, sanda kuwa tare da taswirar take raguwa. Hanyar Daura zuwa Katsina da ta Daura zuwa Kano muka bari da siririn layi, da sunayen hedikwatoci biyar, saboda da hanya mutane ke gane inda suke. An fitar da ita PDF don bugawa, da hoto mai ɗigo 300 a inci don waya, kuma a WhatsApp a matsayin fayil ake tura ta, in ba haka ba manhajar za ta matse hoton rubutun ya dushe.

Kafin a raba, mun miƙa ta ga mutanen da ba su san aikin ba, wani malamin firamare da wani mai gyaran famfo, ba tare da wani bayani ba, muka ce su nuna mazaɓar da ta fi wahalar ruwa. Inda suka yi jinkiri ko suka nuna wani wuri daban, can muka koma muka gyara girman rubutu da tazarar launi. Mai gyaran famfon ya kuma nuna wuraren da aka gyara bayan zagayenmu, muka sabunta teburin, muka bar iyakokin azuzuwan yadda suke domin taswirar bazara mai zuwa ta kwatantu da wannan.