Yadda Muka Haɗa Tarihin Wata Tsohuwar Nas Cikin Kwana 12

Ranar da Mama ta rasu, tana da shekara casa'in da ɗoriya, babbar 'yarta ta kira ni ta ce, "Ƙanena, kai ne mai hannun rubutu, ka haɗa mana tarihinta kafin ranar binnewa." Kwana 12 ke gabanmu. Mama maƙwabciyarmu ce, ta zo Ingila daga Jamaika a ƙarshen shekarun 1950 don koyon aikin jinya, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, ta riƙe su ita kaɗai da albashin aikin dare har ta yi ritaya. Ga yadda aikin ya tafi, har da wuraren da muka yi tuntuɓe.

Kuskuren farko shi ne farawa da 'ya'yanta. Na zauna da su wuni guda, na tashi da shafi shida, amma kusan duka a kan shekaru goman ƙarshe ne: ciwon gwiwa, jikoki, keken guragu. Da na tambayi shekarar zuwanta sai na samu amsa uku daban. Ba laifinsu ba ne. Ɗa ya san mahaifiyarsa ne a matsayin uwa, bai taɓa ganinta a ɗakin marasa lafiya ba, kuma mai sabon rashi abin da ya gani jiya shi ke gabansa. Saboda haka takardu ne farko, baki daga baya.

Muka zazzage gwangwanin da take ajiye takardunta, na ɗauki babbar takarda na ja layi gida uku: shekara, abin da ya faru, da shaida. Abin da takarda ta tabbatar na rubuta da biro, abin da aka faɗa da baki kawai na rubuta da fensir. Wannan ɗan bambanci ya kashe gardama da yawa, domin kowa na ganin inda maganarsa ta tsaya.

Abu mafi amfani a gwangwanin bajon aikinta ne. Majalisar da ke rajistar nas-nas a Ingila da Wales a wancan zamani, wadda aka fi sani da GNC, takan zana sunan mai bajo da lambar rajista da kwanan wata a bayansa. Juya shi kawai ya ba mu rana tabbatacciya. Sai dai sunan da ke jiki na gidan mahaifinta ne, ba na miji ba, kuma da na miji muka ɓata rabin wuni muna nema a kundin rajistar da ke intanet ba mu ga kowa ba. Duk macen da ta yi rajista kafin aure, a fara nemanta da sunan budurcinta, a kuma gwada rubutun sunan ta fuska biyu ko uku, don magatakarda kan rubuta yadda kunnensa ya ji.

A nan muka gamu da abin da ya fi komai nauyi. 'Ya'yan sun ce in rubuta SRN, wato muƙamin cikakkiyar nas mai rajista, a bayan sunanta, takarda kuwa ta nuna ba da shi ta fara ba. A lokacin hanya biyu ce. SRN karatun shekara uku ne, mai shi na iya hawa har ya shugabanci ɗakin marasa lafiya. Ɗayar hanyar, wadda dokar 1943 ta kafa, shekara biyu ce, kuma har 1961 akwai kalmar "mataimakiya" a cikin sunan muƙamin, kafin a cire ta ya koma SEN, muƙamin da ke ƙasa da SRN. Bayan kafa hukumar lafiya ta NHS a 1948, an yi ta ɗauko 'yan mata daga Karibiyan da Afirka da Asiya da Ailan, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fito daga ƙasashen da Birtaniya ta mallaka an tura su hanyar shekara biyun ba tare da an fayyace musu cewa ƙofar ƙarin girma a rufe take ba. Mama na cikinsu. Sai da yara suka tasa ta koma aji ta yi karatun sauya mataki ta zama cikakkiyar nas mai rajista. Ɗanta na biyu ya so a tsallake wannan, yana ganin kamar rage mata daraja ne. Ni a ganina nan ne ƙashin bayan labarin, domin macen da ta koma karatu da furfura bayan shekaru tana yin aikin da ya fi muƙaminta, ba a yi mata adalci in an goge matakin farkon. Da ya ga takardun biyu a jere, shi da kansa ya ce a sa.

Ranar zuwanta kuma jerin fasinjojin jirgin ruwa ne ya raba gardama. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan tana riƙe da jerin masu shigowa ta ruwa daga wajen Turai har zuwa 1960, da sunan jirgi da tashar sauka da shekarun fasinja da adireshin da zai nufa. Adireshin da ta bayar na masaukin ɗaliban jinya ne, shi ya nuna mana asibitin farko, wanda tuni aka rufe. Wanda nasa ya zo bayan 1960, ko ta jirgin sama, kada ya wahalar da kansa a wannan jeri, ya duba hatimin tsohon fasfo. Shekarar tana da muhimmanci ta wata fuskar: kafin dokar shige da fice ta 1962, mutanen ƙasashen Kwamanwel, wato ƙasashe renon Ingila, na shigowa ne ba tare da takardar izinin aiki ba, don haka kalmar da za a kwatanta zuwanta da ita ta dogara da wane gefen wannan shekara ta faɗa.

Takardar shaidar mutuwar mijinta ta ba mu shekarar da rayuwar ta karye biyu. Daga nan lissafi ya yi sauƙi, lokacin rasuwar autan bai shiga firamare ba. Akwai kuma tsoffin takardun alawus ɗin da gwamnati ke ba uwar marayu, wanda aka sauya wa tsari da suna a 2001. Takarda ta tsaya a nan. Yadda aka yi mace ɗaya ta riƙe aiki da yara huɗu, sai abokan aikinta.

Biyu muka samu da rai, ta littafin lambobin wayarta. Hira da tsoho kada ta wuce minti 45, kuma da hantsi ta fi. Tambayar "wace irin mutum ce?" ba ta haifar da komai sai "mutuniyar kirki ce". Wadda ta yi aiki ita ce: ƙarfe nawa take shiga aiki, wa ke kwana da yara, me take yi in maras lafiya ya ƙi magani, me ke aljihun rigarta. Da haka muka ji cewa ta zaɓi aikin dare ne don ta sauka da safe ta shirya yara makaranta, ta yi barcin awa huɗu, ta tashi ta tarbe su. Yaran sun girma suna ɗauka uwarsu mai yawan barcin rana ce. A ɗauki murya da waya, amma a sa ta a yanayin jirgin sama, wanda ke hana kira shigowa, domin kira ɗaya ya katse mana rikodin na minti 20 ba mu ankara ba. A nemi izinin mai magana tun farko. Sunan maras lafiya kuwa ba ya shiga, ko an yi shekara hamsin, amanar jinya ba ta mutuwa da nas. Labaran wariyar launin fata da ta sha mun sa su a dunƙule, ba sunan asibiti ba sunan mutum.

Hotuna sun ci kwana biyu. Ƙananan hotuna baƙi da fari sai an yi musu sikanin a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, kafin su jure faɗaɗawa, kuma a ɗauki bayan kowanne, can ake rubuta shekara. Waɗanda suka manne a albam mai gam kada a fizge su, zaren sakace haƙori maras kakin zuma ake zurawa ta ƙasa a hankali. Mun yaga guda kafin mu koyi haka.

Rubutun kansa ya fi komai sauri. Jawabin da za a karanta a baki kalmomi 650 ne, kimanin minti biyar, kuma ya kamata mai karantawa ya gwada da murya sau biyu, ya sa alama inda kuka zai iya tare shi. Ɗan littafin da za a raba shafi 16 muka yi, domin littafi mai ɗinkin tsakiya sai shafukansa sun rabu huɗu-huɗu. Mutum ɗaya aka ba ikon amincewa da gyaran ƙarshe, wato babbar 'yar, bayan gyare-gyaren mutum biyar sun fara karo da juna. Duk da haka sunan jika ɗaya ya fita da kuskure, don kowa ya karanta labarin, ba wanda ya bi jerin sunaye harafi-harafi.

Shekara biyu sun rage babu biro babu fensir, tsakanin gama karatunta da aurenta. Muka bar su a buɗe, muka sa shafin ƙarshe fari da roƙon duk wanda ya san wani abu ya rubuta. Bayan binnewa wata dattijuwa da ba wanda ya gane ta karɓi biro ta cike rabin shafin. Ɗaki ɗaya suka zauna da Mama a waɗannan shekaru, suna aiki a asibitin masu tarin fuka, kuma ta zo da hoto a jakarta.